Ruwan Bayan Masauki, Ina Yake Zuwa? Jawabi Ga Taron Shekara Na Hausawa Mazauna Agwada



Mai girma shugaban taro. Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, Allah ya ƙara girma. Limamai da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Wakilan masu ƙasa, waɗanda iyayensu suka karɓi iyayenmu hannu bibbiyu, yau kuma suka amsa gayyatarmu. Iyayenmu mata da ke can rumfar baya. 'Yan'uwa 'yan kasuwa, matasa da sauran jama'a, muna yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an baro gida lafiya.

Kwamitin shirya taro ya ɗora mana nauyin yin magana a kan wani al'amari wanda in mutum ya ji shi da farko sai ya ce, me ya haɗa kifi da kaska? Wato batun otal-otal da masaukan baƙi, da tsibiran da ake zuwa yawon buɗe ido, da yadda ƙazantarsu take cutar da teku. Wani zai ce, Alhaji, mu da muke zaune a Agwada, waɗanda da yawanmu ba mu taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgin alhazai in an zo tsallaka Bahar Maliya, ina ruwanmu da tsibiri? To, a yi mana haƙuri a saurara, domin dalili biyu ne suka kawo maganar, kuma duka biyun a cikin aljihunmu suke.

Dalili na farko shi ne shawarar da ke gaban wannan taro, ta gina masaukin baƙi a filin nan da ƙungiya ta mallaka kusa da rafi, don ya riƙa kawo mana kuɗin shiga. Na biyu kuwa, tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga tsohuwar Filato a ranar 1 ga Oktoba, 1996, aka kuma kafa jami'ar jiha a Keffi, ga Abuja tana ta tumbatsa tana turo mana jama'a, otal da masauki sun yawaita a Keffi da kan hanyar Garaku zuwa Akwanga. Wasu daga cikinmu su ne masu ginin. Waɗanda ba su gina ba kuwa su ne ke kai musu shinkafa, da nama, da ruwan leda, da sabulu, da robar zuba abinci. Ke nan kowa a nan yana da hannu a wannan sana'a, ko ya sani ko bai sani ba.

SAUKAR BAƘI GADONMU NE

Kafin mu tsallaka ƙasashen waje, bari mu tuna wa juna cewa Bature bai koya mana saukar baƙi ba. Tun zamanin fatake, lokacin da ayari ke tasowa daga Kano da Zazzau ya biyo ta Keffi ya gangara Loko a bakin Binuwai, wani kuma ya nufi Gwanja neman goro, a kowane zango akwai fatoma, mai ba falke ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye. Zangon Salaga da na Kumasi duk da haka suka kafu. Kuma kowa ya san zango ba ya zama sai inda ruwa yake, domin madugu ba ya yada zango inda jaki zai kwana da ƙishi. In ruwan wuri ya ɓaci, ayari ya sake hanya, fatoma ya rasa abinci.

Sai dai akwai bambanci tsakanin sharar da da ta yau. A da ana ƙunshe goro da ganyen fita, a zuba fura a ƙwarya, a sha ruwa daga randa, a je kasuwa da kwando. Duk abin da aka yar, kafin damina biyu ya zama taki. Yau kuwa baƙo ɗaya in ya kwana ɗaya, sai ya bar ledar ruwa biyar ko shida, da gorar lemo, da farar robar nan mai kama da soso da ake zuba shinkafa, da ledar sabulu. Waɗannan ƙasa ba ta cin su. Mahautanmu suna nan zaune, su faɗa mana abin da suke cirowa daga tumbin shanu da awaki.

HANYAR DA RUWANMU KE BI

Jama'a, duk ruwan da ya sauka a kan kwanon ɗakinmu, ya bi kwata, ya faɗa rafi, kudu yake nufa. Rafukan wannan yanki, da Kogin Antau na Keffi, da Kogin Mada wanda daga shi ake tace ruwan famfo a Gudi, duk ƙarshensu Binuwai. Binuwai kuma ta je Lakwaja ta haɗu da Kwara, su gangara ta Onica, su rarrabu a yankin Neja Dalta, su zube a Tekun Atilantika. Ledar da yaron otal ya watsa a kwata da daddare, in ba ta maƙale ta toshe gada ba, ba ta kuma shiga cikin saniyar Bafillace ba, to, hanyar teku ta kama.

A shekarar 2017 wasu masana a Jamus sun fitar da bincike inda suka lissafa koguna 10 da suka fi kowanne kai roba teku, 8 a Asiya, 2 a Afirka, wato Nilu da Kwaranmu. Daga baya, a 2021, wani binciken ya nuna abin ya fi haka yaɗuwa, koguna sama da 1,000 ne, akasarinsu ƙanana masu ratsa garuruwa, ke ɗauke da kashi 80 cikin 100 na wannan kaya. An kuma ƙiyasta cewa roba kimanin tan miliyan 11 ke shiga teku kowace shekara. Kunkurun teku ya ga leda tana lilo a ruwa ya zaci abinci ne ya haɗiye. Wadda rana ta gasa kuma ta marmashe, ƙananan kifaye su ci, manya su ci ƙanana, a kamo su a sa a ƙanƙara, a kawo mana kasuwar Keffi mu saya da kuɗinmu. Abin da mutum ya shuka shi yake girba, ko da gonar tana nesa.

ABIN DA YA SAMI MASU TSIBIRAI

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tsibiri wuri ne ƙarami, ba shi da bayan gari da za a kai shara, shi ya sa ɓarnar da za ta ɗauke mu shekara ashirin kafin mu gani, su a shekara biyar take bayyana.

A ƙasar Filifin akwai wani tsibiri da ake kira Borakai, mai farin rairayi, wanda a 2017 baƙi kusan miliyan 2 suka ziyarta. Masu otal suka yi ta gini har bakin ruwa, da yawansu kuma maimakon su haɗa bututun bayan gida da wurin tacewa, sai suka saki abin kai tsaye cikin teku, nan inda baƙin nasu ke iyo. Da abin ya yi ƙamari, sai shugaban ƙasar na lokacin, Rodrigo Duterte, ya ba da umurnin rufe tsibirin baki ɗaya na wata 6, daga ranar 26 ga Afrilu, 2018. Aka rushe gine-ginen da suka shiga cikin mita 30 daga bakin ruwa, aka tilasta wa manyan otal gina wurin tace ƙazantarsu. To, ku duba wa ya fi shan wuya. Mai otal yana da ajiya a banki. Amma dubban ma'aikata, da mai kwalekwale, da mai tallar abinci, da mai kawo kayan miya, wato irinmu, su ne suka zauna rabin shekara ba ciniki, alhali ba su suka binne bututun ba.

Sai ƙasar Maldif, ƙasar Musulmi ce a Tekun Indiya, tsibirai ne kusan 1,200, mafi yawansu ba su ɗara teku da abin da ya wuce mita ɗaya da rabi ba. Mutanenta kimanin rabin miliyan ne, amma baƙin da suka je a 2024 sun haura miliyan 2. Tun 1992 shara ta fi ƙarfinsu, har suka ware wani wuri mai suna Tilafushi suna jibge ta a cikin ruwa, sannu a hankali ya zama tsibiri guda na shara zalla, wanda aka daɗe ana ƙone-ƙone a kansa hayaƙi na tashi. A Oktoban 2009 shugabansu na lokacin, Muhammad Nashid, ya kai ministocinsa ƙarƙashin ruwa suka yi zaman majalisa da tukwanen iska a baya, don duniya ta ga cewa in teku ta ci gaba da hauhawa ƙasarsu za ta nutse. A 2015 suka sa wa kowane baƙon manyan otal harajin muhalli na dala 6 a kowane dare, a farkon 2025 suka ninka shi zuwa dala 12. Baƙi kuwa ba su daina zuwa ba.

Na uku ita ce Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya, ita ce kuma ta fi kama da halinmu, domin maganar ruwan sha ce. Wani rahoto na 2012 ya nuna cewa a wasu ƙauyukan bakin teku, ɗaki ɗaya na babban otal yana iya cinye ruwa sama da lita 3,000 a rana, in aka haɗa da tafkin iyo da ban ruwan furanni, alhali abin da ɗan ƙauyen ke samu bai kai lita 100 ba. Otal ya haƙa rijiyar burtsatse mai zurfi ya sa inji, rijiyar talaka ta ja baya, ruwan gishiri ya kutso ya cika gurbin. Har ta kai wasu otal suna sa masu gadi a kan bututunsu don gudun fushin maƙwabta. Allah ya kiyashe mu da arzikin da sai an sa masa mai gadi saboda maƙwabci.

WAƊANDA SUKA GYARA

Kada mu cika ku da labarin ɓarna, akwai waɗanda suka kama hanya. A nan Zanzibar ɗin akwai ɗan tsibirin Cumbe, wanda aka keɓe ruwan da ke gefensa tun 1994 saboda duwatsun murjani. Shi murjanin nan da iyayenmu mata ke ɗaurawa, asalinsa halitta ce mai rai a ƙarƙashin teku, a cikin irin gidajen da take ginawa kifi ke ƙyanƙyasa, kuma ruwan ƙazanta da zafi suna kashe ta. Masu masaukin Cumbe ɗakuna 7 kacal suka gina wa baƙi. Rufin kowane ɗaki an yi shi yadda zai tara ruwan sama ya zuba a tanki a ƙarƙashin daɓe, wuta daga hasken rana, bayan gida kuma irin wanda ba a kora shi da ruwa, sai ya zama taki. Masu gadin wurin tsofaffin masunta ne na ƙauyukan kusa. Kuɗin da baƙi ke biya da shi ake kula da wurin, ana kuma kawo 'yan makaranta kyauta su gani.

Can arewa da su, kusa da Pemba, akwai tsibirin Misali, inda wasu masunta suka daɗe suna kamun kifi da nakiya, su tayar da ita a ruwa, babba da ƙarami su mutu, gidan murjani ya farfashe. Hukuma ta yi doka, ba a ji ba. Wajen shekarar 2000 sai aka bi ta hannun limamai da malaman makarantun allo, aka zauna da masunta ana karanta musu abin da addininsu ya ce game da amana da ɓarna a bayan ƙasa. Abin da tsoron jami'i ya kasa, sai ga shi wa'azi ya rage shi ƙwarai. Mu ma ai a Islamiyya an karantar da mu hanin yin bayan gida a mashayar jama'a, da hanin almubazzaranci da ruwa ko da a bakin kogi mutum yake alwala. Karatun muna da shi, aiki da shi ya rage, malamanmu kuma ga su nan zaune.

DOKA TANA TAFE

Yanzu bari mu yi magana irin ta kasuwa. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya a 2017, Tanzaniya a 2019. A nan gida, Jihar Legas ta hana farar robar nan ta zuba abinci a Janairun 2024, bayan an ga yadda take toshe magudanai tana cika bakin teku, sannan daga 1 ga Yuli, 2025 ta faɗaɗa hanin zuwa siraran leda da cokula da kofunan roba na amfani sau ɗaya. A 2024 ɗin ma Gwamnatin Tarayya ta amince da hana irin waɗannan kaya a ma'aikatunta. 'Yan'uwanmu na Agege da Idi-Araba da suka cika shago da wannan kaya sun san yadda jari ke kwana a cikin abin da ba a iya sayarwa a fili. Abin da ya fara a Ikko ba ya daɗewa bai iso Abuja ba, daga Abuja zuwa Keffi kuwa tafiyar awa guda ce. Ɗan kasuwa mai wayo tun kafin a buga gangar doka yake sauya haja.

Kada kuma mu zauna jiran manyan duniya. Tun Maris na 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince a Nairobi cewa za a ƙulla yarjejeniya kan roba. An zauna a Busan a ƙarshen 2024, an sake zama a Janiba a Agustan 2025, duka biyun aka tashi baram-baram. Rafin bayan gidanmu kuwa ba sai an je Janiba ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai, gara mu faɗa a gaban masu ƙasa da ke tare da mu. Mu nan zama ya kawo iyayenmu, an ba su wuri, an ba su mata, an yi zaman amana. Rafin da ke bayan filinmu shi ne wanda matan ƙauyukan gangare ke ɗiba da rani, su wanke rogo, su shayar da dabbobi. Ranar da yaro ya kamu da amai da gudawa aka bi sawun ruwa aka tarar da bututun masaukinmu, ba wanda zai tsaya tambayar sunan magini ko ɗan kwangila. Za a ce Hausawa ne suka ɓata mana ruwa. Zumuncin da aka yi shekaru ana ginawa, bututu ɗaya ya isa ya rushe shi, kuma mun ga garuruwan da rigima ta tashi a kan abin da bai kai wannan ba.

SHAWARWARINMU GA TARO

Ba mu ce kada a gina masauki ba. A gina, Allah ya sa albarka. Jihar nan tana da abin nuna wa baƙi, ga Farin Ruwa a Wamba, ga gishirin Keana, ga duwatsun Eggon, ga ma'aikata da 'yan kasuwar ma'adinai da ke neman wurin kwana. Amma muna roƙon taro ya rubuta waɗannan sharuɗɗa a littafin ƙungiya kafin a sa harsashi.

Na ɗaya, a ja ginin baya daga bakin rafi, a bar itatuwan da ke gaɓa, a ƙara dasa wasu. Ramin bayan gida kada ya kusanci rijiya ko rafi da ƙasa da mita 30, kamar yadda duba-gari ke faɗa, a yi masa siminti sosai, in ya cika a kira motar kwasa, a kuma san inda za ta zubar. Ɗaki biyu da za mu rasa saboda ja da baya sun fi mana sauƙi a kan rusau.

Na biyu, a sa indararo da tanki a tara ruwan sama. Allah ya ba wannan yanki damina mai tsawo, kusan wata 7, ruwan da ke zuba daga kwanon masauki ya isa wanki da share-share na tsawon lokaci. In an haƙa burtsatse kuma, a fitar da famfo ɗaya waje don maƙwabta, a rubuta shi cikin yarjejeniya yadda wani shugaba na gaba ba zai rufe ba.

Na uku, a ɗakunan baƙi a sa ruwa mai tsabta a babbar gora da ake sake cikawa, da kofin tangaran ko na ƙarfe, a ba da abinci a faranti. Zanen gado da tawul a canza wa sabon baƙo, wanda ya daɗe kuma a tambaye shi kafin a kwashe, kamar yadda manyan otal na duniya suke yi yanzu. Sabulu ya ragu, ruwa ya ragu, kuɗi ya zauna.

Na huɗu, a raba shara gida uku. Ragowar abinci a ba masu kiwo ko a yi taki. Gorar roba da gwangwani a tara wa 'yan gwangwan da 'yan bola-jari, kuɗi ne. Sauran a kai inda hukuma ta ware. Baƙin man janareto kuwa a tara a jarka, masu saye suna nan, kada a tuttular a kwata. In hali ya yi a fara da sola ko ta fitilu da fanka ce, domin kowa ya san yadda farashin fetur ya koma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023.

Na biyar, a ware wani abu kaɗan daga kuɗin kowane ɗaki, taro ya yanke adadin, a ajiye shi daban don yashe kwata da tsabtace rafi sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, tare da matasan masu ƙasa. A ɗauki 'ya'yansu aiki a masaukin, a sayi doya da kaji da kayan miya a hannunsu. Wanda yake ci a wuri shi ke tsare shi.

Na shida, mu masu shaguna mu rage ba da leda biyu a kan kayan leda ɗaya, mu fara kawo jakar buhu da kwando da takardar ƙunshi. Iyayenmu mata, a nan ku ne malamai, in kuka ce yaro ya tafi kasuwa da kwando, magana ta ƙare.

Wani zai ce duk wannan ƙarin kuɗi ne. Gaskiya ne, tanki da siminti da sola ba kyauta ake ba da su ba, kuma ma'aji zai kawo lissafi kowa ya gani. Amma mu 'yan kasuwa ne, mun san tsadar farko da arahar ƙarshe. Rigakafi ya fi magani.

Muna roƙon shugaban taro ya sa a karanta sharuɗɗan nan ɗaya bayan ɗaya, a ɗaga hannu a kansu yau, a kuma naɗa mutum biyar, ciki har da mace ɗaya da wakili ɗaya na masu ƙasa, su riƙa duba aikin suna kawo rahoto duk wata uku.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ƙara mana zumunci da maƙwabtanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya yi wa kasuwa buɗi, ya jiƙan iyayenmu da suka kafa mana wannan zama. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.